Sarauniya Eleanor ta Aquitaine: tambayoyi da amsoshi kan rayuwarta da yadda masu ƙaga labari suka siffanta ta

A cikin matan sarakunan Ingila na da, da wuya a sami wadda marubuta littattafai da masu shirya fina-finai suka yi wa caa kamar Eleanor ta Aquitaine. Ta auri sarkin Faransa, ta auri sarkin Ingila, ta haifi 'ya'ya 10, uku daga cikinsu an naɗa su sarauta a Ingila. Mun tattaro tambayoyin da masu karatu suka fi yi a kanta, muka amsa su gwargwadon abin da takardun zamaninta suka nuna.

Wace ce Eleanor, kuma me ya sa ake kiranta da sunan wata ƙasa a Faransa alhali sarauniyar Ingila ce?

An haife ta a 1122 ko 1124. Masana na baya-bayan nan sun fi karkata ga 1124. Mahaifinta William na 10 shi ke riƙe da Aquitaine da Poitou, wato kudu maso yammacin Faransa ta yau, yankin da biranen Bordeaux da Poitiers suke. A ƙa'ida yana ƙarƙashin sarkin Faransa, amma ƙasarsa ta fi wadda sarkin ke mulka kai tsaye faɗi da arziki: ga gishiri, ga inabi, ga tashoshin jiragen ruwa. Ya rasu a watan Afrilun 1137 a tafiyar ziyarar ibada zuwa Santiago de Compostela a Sifaniya, bai bar ɗa namiji na aure ba, gadon ya faɗo kan Eleanor tana 'yar shekara 13 ko 15.

A nan akwai abin lura game da kalmar "sarauniya". A Ingila da Faransa matar sarki ce ita, daga baya ta zama uwar sarki, duk ikon da ta samu a can ta hannun miji ko ɗa ya zo. A Aquitaine kuwa ƙasar tata ce ta gado. Wanda bai raba waɗannan matsayi biyu ba, ba zai gane dalilin da ya sa maza suke rububin aurenta ba, ko dalilin da ya sa mijinta na biyu ya tsare ta maimakon ya sake ta.

Yaya auren farko ya kasance, kuma me ya kashe shi?

An ɗaura aurenta da Louis, yariman Faransa, a Bordeaux ranar 25 ga Yulin 1137. Mako guda bayan haka mahaifin ango ya rasu, ya zama Louis na 7. Sun yi shekara 15 tare, suka haifi mata biyu, Marie da Alix.

Abin da ya raba su a hukumance shi ne kusancin jini. Dokar cocin wancan lokaci ta hana aure tsakanin mutanen da suka haɗa kaka har zuwa hawa bakwai, su kuwa dukansu jikokin Robert na 2 ne, sarkin Faransa. Dokar ta yi faɗin da kusan duk gidajen sarauta suna taka ta, shi ya sa ta zama ƙofar fita ga wanda aure ya ishe shi. Sai a 1215 aka rage ta zuwa hawa huɗu. Manyan limaman coci suka zauna a Beaugency ranar 21 ga Maris 1152 suka ce auren bai ƙullu ba tun asali, amma 'ya'yan na halal ne kuma za su zauna hannun uba. Ainihin matsalar Louis ita ce rashin magaji namiji, wanda bai samu ba sai a 1165 daga matarsa ta uku.

A kan hanyarta ta komawa Poitiers sau biyu aka yi yunƙurin sace ta don a aure ta da ƙarfi: na farko Theobald na Blois, na biyu Geoffrey ƙanen mutumin da za ta aura. Mako takwas da rabuwar, ranar 18 ga Mayu, ta auri Henry mai mulkin Normandy da Anjou, ɗan shekara 19. Masu ƙaga labari kan mayar da wannan gaggawa zafin soyayya. Mu a ganinmu lissafi ne na mace mai ƙasa wadda ta san in ta yi wata uku ba miji, wani zai zaɓa mata da takobi. Kusancin jininta da Henry ma bai gaza wanda ke tsakaninta da Louis ba, kuma ba wanda ya hana.

Gaskiya ne ta yi niyyar gudu da Salahuddin al-Ayyubi?

Ƙanzon kurege ne. Wani mai ba da labari daga Reims ya rubuta shi wajen 1260, fiye da shekara 100 bayan abin da yake magana a kai. Eleanor tana ƙasar Sham a 1148 da 1149, Salahuddin kuwa an haife shi wajen 1137, yaro ne ɗan shekara 11. Ɗanta Richard ne ya yi yaƙi da Salahuddin, a 1191 da 1192, kuma daga shaharar da sunan ya yi a Turai bayan nan aka ɗauko shi aka liƙa wa uwar.

To me ya faru a Antakiya? Kusan kowane littafi yana da wannan babi.

Wannan ita ce tambayar da ta fi buƙatar natsuwa, domin daga nan baƙin sunan Eleanor ya faro. A 1144 Imaduddin Zangi ya ƙwace birnin Ruha, wanda Turawa ke kira Edessa, abin da ya jawo yaƙin Salibiyawa na biyu. Louis ya fita a 1147, Eleanor ta bi shi tare da mayaƙan ƙasarta. A watan Janairun 1148, a wani tsauni da ake kira Cadmus a ƙasar Turkiyya ta yau, rundunar da ke kan gaba ta wuce inda aka yi alkawarin yada zango, Turkawa suka auka wa na baya, aka yi asarar rayuka mai yawa. Jagoran rundunar gaba, Geoffrey na Rancon, mutumin Eleanor ne, shi ya sa marubutan baya suka ɗora mata laifi, wai ita ta zaɓi kwari mai ni'ima ko kuma kayan adonta suka yi wa ayari nauyi. Odo na Deuil, limamin sarki wanda aka yi abin a gabansa kuma ya rubuta shi, bai ɗora mata laifin komai ba.

A watan Maris suka isa Antakiya, inda baffanta Raymond yake sarauta. Raymond yana so a haɗa ƙarfi a kai hari Halab, cibiyar Nuruddin ɗan Zangi. Louis ya ce shi Ƙudus ya nufa. Eleanor ta goyi bayan baffanta, ta ce za ta zauna, har ta tayar da maganar kusancin jini. Louis ya tilasta mata ta bi shi. Rundunar ta ƙare a ƙofar Dimashƙa a watan Yuli, ta yi kwana huɗu ta janye ba nasara. A shekarar da ta biyo Nuruddin ya kashe Raymond a yaƙin Inab.

Zancen alfasha tsakaninta da baffan nata daga ina ya fito? John na Salisbury, wanda ya fi kowa kusa da lokacin, abin da ya ce shi ne yawan hirarsu ya sa sarki zargi. William na Tyre, da ya rubuta bayan shekara kusan 30, ya fito ƙarara ya ce ta ci amanar aure. Kowane marubuci da ya zo bayansu ya ƙara gishiri. A tuna yaƙi ne da aka sha kashi, ana neman wanda za a ɗora wa, marubutan kuma malaman coci ne da ke ganin matar da ta ja da mijinta a bainar jama'a ta riga ta fita daga hanya. Marubucin labari yana da damar ya zaɓi ɓangaren da yake so, amma wanda ya gabatar da zargin kamar tabbataccen abu ya zalunci matacciya.

Haka nan labarin cewa ta yi shigar mayaƙan mata tana sukuwa a kan doki. Tushensa wani marubucin Rumawa ne, Niketas Choniates, da ya ambaci wata mace mai ado da zinariya a cikin ayarin Jamusawa. Bai kira sunan Eleanor ba.

Yaya kamanninta suke?

Babu wanda ya rubuta launin gashinta, ko na idonta, ko tsayinta. An ce kyakkyawa ce, kamar yadda ake faɗa wa kusan kowace matar sarki. Jan gashi ko baƙi ko ruwan zinariya da ake gani a bangon littattafai zaɓin mai zane ne, kuma matar aure mai daraja a ƙarni na 12 ba ta fita da kai a buɗe. Tana rufe shi da mayafi, daga baya har da ƙyallen da ke zagaye haɓa.

Wane iko ta riƙe a zamanin Henry na 2?

An naɗa mijinta Henry sarkin Ingila, ita kuma sarauniya, a Westminster ranar 19 ga Disambar 1154. Kafin su iso sun yi makonni a Barfleur suna jiran iska ta ba da hanya, suka ƙetara teku a farkon Disamba tana da cikin wata bakwai. Tsakanin 1153 da 1166 ta haifa masa 'ya'ya takwas: William wanda ya rasu yana ƙarami, Henry, Matilda, Richard, Geoffrey, Eleanor, Joan da John. A shekarun farko, in sarki ya ƙetara Faransa, takan riƙe Ingila a madadinsa, ana fitar da umarni da sunanta da hatiminta. Tana kuma da kuɗin shiga nata da ake kira zinariyar sarauniya: duk wanda ya biya sarki mak 100 na azurfa (mak ma'aunin lissafin kuɗi ne) don neman wata alfarma, sai ya ƙara mak ɗaya na zinariya ga sarauniya.

Daga 1168 ta koma Poitiers tana kula da ƙasarta. A wannan shekarar 'yan gidan Lusignan suka yi wa ayarinta kwanton ɓauna, suka kashe Patrick na Salisbury da ke rakiyarta. Wani matashin jarumi ɗan 'yar'uwar Patrick ya jingina bayansa da shinge yana ta faɗa shi kaɗai, sai da aka zagayo aka soke shi a cinya ta cikin shingen sannan aka kama shi. Eleanor ce ta biya fansarsa, ta ba shi dawaki da makamai. Shi ne William Marshal, wanda shekara kusan 50 bayan haka ya riƙe Ingila a madadin jikanta Henry na 3.

Me ya sa ta yi wa mijinta tawaye? Kishi ne?

A 1173 'ya'yanta uku, Henry ƙarami da Richard da Geoffrey, suka haɗa kai da Louis na Faransa suka yi wa ubansu bore, ita kuma ta mara musu baya. An kama ta a hanyar zuwa Faris, wani marubuci na Canterbury ya ce cikin tufafin maza. Littattafan labari sun fi son su ce kishin Rosamund Clifford, daduron sarki, ya tunzura ta. Takardu kuwa wani abu suke nunawa. Henry ya raba wa 'ya'yansa laƙabi ya hana su ƙasa da kuɗi. Babban ɗan an naɗa shi sarki tun 1170 amma ko gari ɗaya ba ya hukunci a kai. A farkon 1173 kuma mai mulkin Toulouse, ƙasar da Eleanor ke da'awar gadonta ta wajen kakarta, ya yi mubaya'a ga Henry da babban ɗansa, abin da ke nuna ana shirin mayar da Aquitaine ƙarƙashin gadon sarautar Ingila. Wannan ya ishi mai ƙasa dalili.

Batun cewa ta kashe Rosamund, ta bi zare cikin wani gida mai ruɗaɗɗun hanyoyi a Woodstock ta ba ta zaɓi tsakanin wuƙa da guba, lissafin shekaru kaɗai ya rushe shi. Rosamund ta rasu wajen 1176 a gidan 'yan zuhudu mata na Godstow, lokacin Eleanor tana tsare shekara uku. Labarin kisan ya fara bayyana ne a ƙarni na 14, kuma wanda ya fara rubuta shi ma ya rikita ta da wata Eleanor.

Akwai wasu masu wannan suna ke nan?

Akwai biyu da ake yawan haɗa su da ita: Eleanor ta Provence matar Henry na 3, da Eleanor ta Castile matar Edward na 1, wadda ta rasu a 1290 aka gina gicciye 12 a wuraren da aka sauke gawarta a hanyar Landan.

Kurkuku aka jefa ta na shekara 16?

Ɗaurin talala ne ya fi dacewa da abin. An kawo ta Ingila a watan Yulin 1174, aka riƙa ajiye ta a gidajen sarauta masu ganuwa, musamman na Salisbury, ƙarƙashin amintattun sarki. Mun san wani abu game da zaman ne ta hanyar kundin baitulmali, fatun tumaki da ake ɗinkewa a naɗe, inda kowane hakimin gunduma yake rubuta abin da ya kashe a shekara. A ciki ana ganin kuɗin alkyabbu na jan ulu, da gashin dabbobi na sanyi, da abin rufa, nata da na kuyangarta Amaria. Wato ba a bar ta cikin yunwa ko tsumma ba. Abin da aka ƙwace shi ne kuɗin shigarta, da jama'arta, da damar aika wasiƙa yadda take so.

Henry bai iya sakinta ba, domin in aure ya mutu Aquitaine ta fita daga hannunsa, kamar yadda ta fita daga hannun Louis. Yakan fito da ita in yana da buƙata. A 1185 ya sa aka kai ta Normandy don ya tilasta wa Richard ya miƙa mata Aquitaine, wanda a aikace yana nufin ƙasar ta koma hannun Henry.

Wane ɓangare na rayuwarta ne aka fi samun shaida a kansa?

Shekara 15 na ƙarshe, daga 1189 zuwa 1204, kuma su ne littattafan labari suka fi tsallakewa ko su dunƙule a babi biyu. Wannan abin takaici ne, domin a nan ne ake ganinta tana aiki da hannunta, ba sai an yi hasashe ba.

Henry ya rasu a Chinon ranar 6 ga Yulin 1189. Ta fito tana da shekara 65 ko fiye, ta zaga garuruwa tana karɓar rantsuwar biyayya ga Richard, ta sa aka saki fursunoni da yawa. Roger na Howden ya ce dalilinta shi ne ta ɗanɗana zaman tsare da kanta. A lokacin sanyi na 1190 zuwa 1191 ta ɗauko Berengaria 'yar sarkin Navarre, ta ƙetara tsaunukan Alps da ita har Sisili don ta auri Richard, ta yi 'yan kwanaki kaɗan ta juyo. A 1192 da John ya so ƙetarawa ya haɗa baki da Philip sarkin Faransa, ita ta tara manyan ƙasa a zama bayan zama har aka tsorata shi da ƙwace gidajensa ya fasa.

Sai babbar jarrabawa. A Disambar 1192 aka kama Richard kusa da Vienna yana dawowa daga yaƙi, aka miƙa shi ga Henry na 6, sarkin daular Jamus. Aka yanka fansa mak 150,000, za a fara biyan 100,000. Mak ma'auni ne na lissafi, sule 13 da kwabo 4, wato kwabo 160. Kuɗin da ke yawo kuwa kwabon azurfa ne kawai, saboda haka kason farko ya haura tan 20 na azurfa. Yadda aka tara shi: kowa ya ba da kashi ɗaya cikin huɗu na abin da yake samu a shekara, kowane filin jarumi sule 20, coci-coci suka miƙa kofunan zinariya da azurfa, 'yan zuhudun Cistercian da ba su da irin wannan kaya suka ba da ulun tumakinsu na shekara guda. Ana zuba kuɗin a akwatuna a cocin St Paul na Landan, ana rufewa da hatimin Eleanor da na babban limamin Rouen. Tarawar farko ba ta cika ba, sai da aka sake zagayawa. Ita da kanta ta tafi Jamus cikin hunturu, aka saki ɗanta a Mainz ranar 4 ga Fabrairun 1194.

Da Richard ya mutu a Châlus a Afrilun 1199 tana gefensa. Ta fito daga hutun da ta shiga a gidan ibada na Fontevraud, ta zaga Aquitaine tana tabbatar wa birane irin su La Rochelle da Poitiers 'yancin gudanar da al'amuransu, don su tsaya bayan John. A 1200, tana da shekara 76 ko 78, ta ƙetara tsaunukan Pyrenees zuwa Castile ta ɗauko jikarta Blanche, wadda ta auri yariman Faransa ta haifi Louis na 9. A 1202 jikanta Arthur na Brittany, ɗan shekara 15, ya yi mata ƙawanya a Mirebeau; ta ja shi da ciniki har John ya taho daga Le Mans, kimanin kilomita 130 cikin kwana biyu, ya far musu da asubahin 1 ga Agusta. Cikin 'ya'yanta 10, biyu ne kawai suka rayu bayanta.

Da gaske tana da kotun soyayya a Poitiers?

Tushen maganar littafi ɗaya ne, na wani malami Andreas Capellanus a ƙarshen ƙarni na 12, inda ya sa Eleanor da 'yarta Marie suna yanke hukunci kan rigingimun masoya. Masana da yawa suna ɗaukar littafin wasan ƙwaƙwalwa ko zambo, kuma babu takardar da ta nuna Marie ta zo Poitiers a waɗannan shekaru. Littafin tarihin rayuwarta da Amy Kelly ta fitar a 1950 shi ya yaɗa hoton, marubutan labari suka ɗauka daga can. Abin da ya tabbata shi ne kakanta William na 9 shi ne mawaƙin fada na farko a harshen kudancin Faransa da waƙoƙinsa suka iso mu, kuma ta tashi a gidan da ake girmama waƙa.

Waɗanne ayyuka ne suka fi gina hoton da mutane ke da shi a kanta?

Shakespeare ya sa ta a wasansa na Sarki John, tsohuwa mai kaifin baki da ke tsaye bayan ɗanta. Amma wanda ya fi tasiri shi ne *The Lion in Winter*, wasan James Goldman na 1966 da aka mayar fim a 1968, Katharine Hepburn ta fito a matsayin Eleanor har ta ci kyautar Oscar. An kafa labarin a bikin Kirsimeti na 1183 a Chinon, taron da ba a yi ba, har da bishiyar Kirsimeti wadda ba ta shigo al'adar Ingila ba sai bayan ɗaruruwan shekaru. Duk da haka ya kama gaskiya guda: rigimar gidan a kan rabon ƙasa take, kowa yana ciniki da kowa.

A littattafai, Sharon Kay Penman da Elizabeth Chadwick su ne muke ganin sun fi kiyaye tsarin shekaru da siyasa. Chadwick ta rubuta littattafai uku a kanta tsakanin 2013 da 2016, ta yi amfani da sunan Alienor kamar yadda yake a takardun zamanin, ta kuma ɗauki 1124 a matsayin shekarar haihuwa. Wannan zaɓi ba ƙaramin abu ba ne: amaryar 1137 ta tashi daga budurwa mai juya miji ta koma yarinya 'yar 13, marainiya, a hannun manya. Duk abin da aka zarge ta da kitsawa a shekarun farko sai an sake auna shi.

Yaya mai karatu zai gane inda marubuci ya bar tarihi ya shiga ƙirƙira?

A fara da bayanin marubuci da ke ƙarshen littafi, kafin labarin. Marubuci mai gaskiya yakan faɗi inda ya matsar da shekara, ko ya haɗe mutum biyu, ko ya cike gurbi. Littafin da ba shi da wannan bayani a karanta shi a matsayin nishaɗi zalla.

Sannan a riƙe shekarun haihuwar 'ya'yanta a gefe. Mace da ta haihu a 1155, 1156, 1157 da 1158 ba ta da sararin yawace-yawacen da wasu ke ba ta. A haɗa da saurin tafiya: ayarin sarauta mai amalanke da kaya yakan yi kilomita 25 zuwa 30 a yini, ƙetare teku kuma sai yadda iska ta so. In labari ya kai ta daga Landan zuwa Bordeaux cikin mako guda, ko wasiƙa ta je ta dawo cikin kwana uku, an kauce.

Ga kowane abin kunya da aka jingina mata, tambaya uku ake yi: wa ya fara faɗa, shekara nawa bayan faruwar abin, kuma abincin wa yake ci? Marubutan Faransa ba su yafe mata tafiya da Aquitaine ba. Na Ingila bayan 1173 suna ganin matar da ta ɗaga hannu a kan mijinta. Gerald na Wales, wanda ya ce ta yi lalata da mahaifin Henry, mutum ne da gidan sarautar ya hana muƙamin da yake nema, ya kuma rubuta da ɗacin rai.

Ƙananan kaya ma suna tona asiri. Babu dankali, tumatir ko masara a Turai sai bayan 1492. Ana cin abinci da wuƙa da cokali da yatsu, a kan yankakken busasshen burodi. Wasiƙa a kan fata ake rubuta ta da Latin, magatakarda ke rubutawa, a manna hatimin kaki. Harshen fada Faransanci ne, kuma gidan ba su kiran kansu Plantagenet, sunan ya zama na zuriya ne a ƙarni na 15.

Kuskuren da ya fi waɗannan girma shi ne a sa mata tunanin matar zamanin nan, mai raina addini, mai neman 'yanci don kanta kawai. Takardunta cike suke da kyautar filaye da kuɗi ga gidajen ibada don a yi wa mijinta da 'ya'yanta addu'a, kuma ita ce ta kai 'ya'ya da jikoki mata gidajen auren siyasa kamar yadda aka yi mata. Abin da ta yi wa faɗa tsawon ranta shi ne ƙasar gadonta da gadon sarautar 'ya'yanta.

Akwai kalmominta na kanta da suka rage?

Akwai takardun kyauta da umarni masu hatiminta, amma salon magatakarda ne. Akwai kuma wasiƙu uku zuwa ga Paparoma Celestine na 3 lokacin da Richard ke tsare, inda a ɗaya aka kira ta sarauniyar Ingila cikin fushin Ubangiji, tana kuka tana zargin Paparoma da yin shiru. Peter na Blois ne ya tsara su, kuma masana sun rabu kan ko an aika su ko gwajin gwanintar rubutu ne. Duk wata hira da ke cikin littafin labari marubucin ne ya ƙaga ta, har da mashahuriyar maganar nan cewa ɗan zuhudu ta aura ba sarki ba, wadda William na Newburgh ya rubuta bayan shekara 40 da rabuwarta da Louis.

Me ya rage nata da ido zai iya gani a yau?

Ta rasu a ƙarshen Maris ko 1 ga Afrilun 1204, aka binne ta a Fontevraud, gidan ibada na maza da mata wanda mace ke shugabanta. Ƙasusuwan sun salwanta, gidan ya zama kurkuku daga 1804 zuwa 1963, amma mutum-mutumin kabarinta na nan kusa da na Henry da na Richard: tana kwance da kambi a kai, mayafi ya zagaye fuska, hannuwa biyu riƙe da buɗaɗɗen littafi.

Sai wani ɗan tulu na dutse mai garai-garai kamar gilashi, an sassaƙa jikinsa kamar saƙar zuma, yana gidan tarihi na Louvre a Faris. Suger, shugaban gidan ibada na Saint-Denis, ya sa aka yi masa wuya da gindi na azurfa mai ruwan zinariya, ya rubuta tarihinsa a jiki: Eleanor ta ba Louis tana amarya, Mitadolus ya ba kakanta, sarki ya ba Suger, Suger ya ba waliyyai. Masana sun gano Mitadolus shi ne Imadud-Daula Abdulmalik na gidan Banu Hud, sarkin Musulmi na Saraƙusɗa a Andalus, wanda Murabiɗun, masu daular Musulunci daga Maroko, suka raba da birninsa, kuma ana jin ya haɗu da William na 9 ne a yaƙin da aka yi da Murabiɗun a 1120.